Yadda ake rubuta maƙalar nazari a jami'a

Ɗalibin da ya ci bak ya shigo shekarar farko ta lisansi yakan iso da wata gwaninta da ta ɗauko shi tun daga ƙaramar lakkol har ƙofar jami'a, wato hadda. Ya saba malami ya faɗa shi kuma ya rubuta a kaye, ranar jarrabawa ya mayar wa malami kayansa ba tare da ya zubar da ko ƙwaya ɗaya ba. Sai a ba shi aikin nazari na farko, ya kwana biyu yana cika shafi shida da duk abin da ya sani, takarda ta dawo da maki 7 bisa 20, a gefe kuma an rubuta da jan bik cewa labari ne ya bayar. Na duba takardu irin wannan masu yawa, kuma abin da ya fi ba ni tausayi shi ne galibin masu su ba ragwaye ba ne. Sun yi karatu, abin da suka rubuta gaskiya ne, illa dai ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu inda labari ya tsaya nazari ya fara.

Maƙalar nazari, wadda a tsarin karatunmu aka fi sani da disertasiyo, rubutu ne da ke amsa tambayar da masu hankali za su iya saɓa wa juna a kanta. Marubuci yana ɗaukar matsaya, ya jero hujjojin da suka kai shi gare ta, sannan ya fuskanci hujjojin da ke ja da ita. Ƙa'idar ɗaya ce ko ɗalibi yana rubutu da Faransanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko da Ingilishi a Jami'ar Maryam Abacha, ko aikin gona yake karantawa, ko tattalin arziki, ko lafiyar al'umma. Domin kada maganar ta tsaya a sama, zan ɗauki tambaya guda daga tarihin jiharmu in bi ta tun daga farko har ƙarshe. A ce malami ya rubuta a allo: "A shekarar 2005, jihar Maraɗi, wadda ake yi wa kallon rumbun hatsin Nijar, tana cikin wuraren da tamowa ta fi kama yara. Ku yi nazarin dalilan haka."

Aikin farko shi ne karanta tambayar, kuma a nan ne maki mafi yawa ke zubewa, domin ɗalibi yakan hango kalma ɗaya da ya sani ya ruga a guje. Ya kamata ya kwafi tambayar a takardar gwaji, ya ja layi ƙarƙashin kowace kalma mai nauyi, ya tambayi kansa abin da take nufi a nan. Tambayarmu ta iyakance lokaci da wuri, saboda haka wanda ya ɓata shafi biyu a kan farin 1973 ko yunwar 1984, wadda mutanenmu suka raɗa wa suna El-Buhari, ya fita daga gonar da aka ba shi, sai dai in ya taɓo su a jimla ɗaya don kwatanci. Tambayar kuma ta ce tamowa, ba ta ce yunwa ba. Yunwa rashin abinci ce a gida ko a gari, ita kuwa tamowa hali ne da jikin yaro ke shiga, wanda ƙarancin abinci ke kawowa, amma zawo da masassara da yaye na gaggawa da abincin da ba ya gina jiki su ma suna da hannu a ciki. Ɗalibin da ya gauraya kalmomin nan biyu zai amsa wata tambaya dabam da wadda aka yi masa. Sannan ya dubi umurnin da ke ƙarshe, domin malamin da ya ce a kwatanta yana son abu biyu a gefen juna, wanda ya ce a tattauna yana son a auna wata magana a ga inda ta yi daidai da inda ta gaza, wanda ya ce a yi nazari kuwa yana son a rarrabe dalilai a nuna wanne ya fi wanne nauyi da yadda suke haɗuwa.

Ga yadda mai ba da labari yake amsa wannan tambaya. Zai ce damanar 2004 ta ɗauke da wuri, sai farin dango suka sauka, sai aka samu giɓin hatsi na kimanin tan 223,000, sai farashi ya yi tashin gwauron zabi, sai gwamnati ta fara sayar da hatsi a farashi mai rahusa, sai daga baya aka koma rabawa kyauta, sai ƙungiyoyin agaji suka cika gari, sai Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zo Nijar a watan Agusta. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan jeri. Amma duk wanda ya saurara zai ji cewa kalmar da ke riƙe da shi ita ce "sai", kuma "sai" ba ta bayyana dalili, jerantawa kawai take yi. Ina ba ɗalibai shawara su ƙirga "sai" da "bayan haka" a rubutunsu, su kuma ƙirga "domin" da "amma" da "duk da haka". Idan na farkon sun rinjayi na biyun, to tatsuniya ake yi.

Neman ƙullin tambaya

Abin da malamai ke kira furoblematik, wanda ke tsorata ɗalibai kamar sunan wata cuta, ba komai ba ne illa ƙullin da ke cikin tambaya, wato wurin da abu biyu da kowannensu gaskiya ne suka ƙi zama tare. Hanyar samo shi ita ce ɗalibi ya rubuta amsar da kowa zai bayar ba tare da tunani ba, sannan ya tambayi kansa: in da wannan amsa ta wadatar, me ya kamata a gani, kuma an gan shi? A misalinmu amsar kowa ita ce fari da fara. To, in da su kaɗai ne, da ya kamata kasuwanni su bushe, kuma da ya kamata tamowa ta fi tsananta a arewa, inda ruwa ya fi ƙaranci fara kuma ta fi ɓarna. Abin da aka gani kuwa shi ne akwai hatsi a kasuwar Maraɗi a daidai lokacin da uwaye ke layi da ƴaƴansu a cibiyoyin tamowa, kuma da yawa daga cikin yaran sun fito ne daga kudancin jihar, yankunan Madarunfa da Gidan Rumji da Agye, inda aka fi noma. Ƙullin ke nan: ta yaya yara suka rame a inda ake noma hatsi kuma hatsin yana kasuwa? Ɗalibin da ya iya rubuta wannan tambaya da kansa ya riga ya yi rabin aikin, domin daga nan kowane sakin layi yana da abin da zai yi wa hidima.

A ba wannan mataki lokaci sosai. Ƙulli mai kyau ba a amsa shi da "i" ko "a'a" a taƙaice, ba kuma maimaita tambayar malami ba ne da wasu kalmomi, wanda shi ne dabarar da aka fi yi: a ɗauki jimlar malami a liƙa mata alamar tambaya a ce an samu furoblematik. Malami ya san jimlarsa ko an sauya mata riga.

Daga ƙulli sai matsaya, wato amsar ɗalibi a jimla ɗaya ko biyu. Ga irin wadda za a iya karewa: "Fari da fara su ne suka kunna wutar, amma abin da ya sa ta ci kudancin Maraɗi shi ne gidajen talakawa sun riga sun dogara ga kasuwa don su ci, farashi kuma ya fi ƙarfinsu, a yankin da tamowa ta daɗe da zama tun kafin 2005." Ma'aunin matsaya shi ne ko wani mai ilimi zai iya tashi ya ce bai yarda ba. Jimlar da ke cewa matsalar tana da dalilai masu yawa ba matsaya ba ce, domin babu mahalukin da zai musa ta. Kuma matsayar da aka fara da ita ba alkawari ba ce. Idan karatu ya nuna ta karkace, a gyara ta, hakan alama ce cewa karatun ya yi aiki.

Hujja da inda ake samunta

Ɗalibi ya shiga neman hujja da ƙullinsa a hannu, in ba haka ba zai sauke takardu talatin a waya, kuɗin intanet su ƙare, bai karanta ko ɗaya ba. Ga batu irin namu, alƙaluman jama'a suna wurin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, farashin hatsi na kasuwanni yana cikin rahotannin SIMA, ma'aikatar da ke bin farashin kasuwannin amfanin gona, binciken noma yana wurin hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda ke da cibiya a nan Tarna, masu binciken LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da ke Yamai, kuma sun yi rubuce-rubuce a kan yadda mutanen karkara suka rayu a wannan shekara. Rumbunan intanet irin su Persée da HAL da OpenEdition suna ba da maƙalun Faransanci masu yawa kyauta, Google Scholar kuma yana taimakawa wajen gano wanda ya rubuta me. Maƙala huɗu ko biyar da aka karanta da biro a hannu sun fi tarin da aka leƙa. A duk abin da aka karanta, a rubuta sunan marubuci da shekara da shafi nan take, a kuma sa alamar zance a kan duk jimlar da aka kwafa kalma da kalma, domin bayan mako guda ba wanda ke iya tuna wace jimla ce tasa wace ce ta aro.

Alƙalami shi kaɗai ba ya magana sai an ajiye shi kusa da wani. Wanda ya rubuta giɓin tan 223,000 ya wuce ya bar mai karatu da zaton ƙasa ta ƙone ƙurmus. Wanda ya ƙara da cewa wannan giɓi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ƙasar ke bukata a shekara ba ya mayar da alƙalamin hujja, domin yanzu mai karatu zai tambayi kansa yadda giɓi irin wannan ya haifar da masifa irin waccan, wanda shi ne ainihin ƙullinmu. Haka kuma kowane alƙalami yana da shekararsa. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum kusan miliyan 3.4, amma wanda ya ɗora wannan adadi a kan 2005, ko a kan bana, ya yi kuskure ko da ya ambaci INS.

Muna da wata hujja a Maraɗi da ɗalibin wata ƙasa zai yi kishinta, wato mutanen da abin ya faru a kan idonsu. Kakar ɗalibi a ƙauye tana iya gaya masa nawa tiyar hatsi ta kai a wannan damana, me aka sayar don a saye ta, ganyen me aka ci. Ɗan kasuwar hatsi yana iya bayyana masa dalilin da ya sa buhu ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Najeriya idan farashin can ya fi. Wannan shaida tana da daraja, muddin an faɗi wa ya yi maganar, a wane gari, yaushe, kuma an tuna cewa gida ɗaya ba jiha ba ce. Abin da ba shi da wurin zama a maƙala shi ne "an ce" da "kowa ya sani". Haka ma karin magana, duk daɗinta a baki, ba ta tabbatar da komai, domin wanda ya ce sannu ba ta hana zuwa za a amsa masa da cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, a tashi ba wanda ya ci.

Malamai suna son ganin ɗalibi ya yi amfani da ra'in masana, amma akwai bambanci tsakanin amfani da ra'i da rataya shi don ado. Masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998, ya yi nazarin yunwar Bengal ta 1943 ya nuna cewa mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci bai ƙare a ƙasa ba, idan abin da suka mallaka ko suke samu bai isa ya saya musu shi ba. Ɗalibin da ya ambaci sunan Sen a gabatarwa ya manta da shi ya yi ado ne kawai. Wanda ya yi amfani da shi zai tambaya: me talakan Madarunfa ya mallaka a 2005, ƙwadagonsa da akuyarsa, kuma tiya nawa suke saya a watan Yuli idan aka kwatanta da kaka? Wanda ya fi su duka zai ƙara gaba ya nuna inda ra'in ya tsaya, domin Sen yana bayyana dalilin da ya sa gida ya kasa sayen hatsi, amma bai bayyana dalilin da ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta riga ta buɗe cibiyar tamowa a Maraɗi tun 2001 ba, shekaru kafin fara ta sauka.

A nan zan ɗan tsaya a kan wani abu da ya shafi tarbiyyarmu. An rene mu da kunyar manya, kuma ɗalibi yakan ji nauyin ya ce littafin da aka buga, ko malamin da ke gabansa, bai cika daidai ba. Wannan kunya kyakkyawa ce a zaure, amma a takarda tana hana nazari. Ja da magana a ilimi ba rashin ladabi ba ne idan an bi hanyarsa: a fara da faɗin ra'ayin marubucin da adalci, yadda shi kansa zai yarda cewa haka ya ce, a nuna abin da ra'ayin ya iya bayyanawa, sannan a kawo hujjar da ya kasa ɗauka. Malamin kirki ya fi jin daɗin ɗalibin da ya saɓa masa da hujja a kan wanda ya mayar masa da darasinsa har da wakafi.

Tsari da ginin sakin layi

Kowa ya fito lise da waƙar tez, antitez, sintez a baki, wato magana, kishiyarta, da haɗa su, kuma tsari ne mai amfani idan tambayar ta ce a tattauna wata magana. Ɓarnarsa ita ce yadda ake mayar da shi "i, a'a, wataƙila", inda ɗalibi zai rantse da abu a kashi na farko, ya ƙaryata kansa a na biyu, ya raba gardama a na uku. Ɗaya tsarin da aka fi gudu gare shi, wato dalilai, sakamako, mafita, yana da sauƙi amma yakan zama akwatuna uku da ake zuba kaya ba tare da wani ya taɓa wani ba, kuma a misalinmu ba a ma tambayi mafita ba. Tsarin da ya dace shi ne wanda ƙullin ya haifa. Kashi na farko zai nuna abin da fari da fara suka yi da iyakar abin da za su iya bayyanawa. Na biyu zai nuna yadda kasuwa ta mayar da ƙaramin giɓi babbar masifa ga wanda ba shi da kuɗi. Na uku zai ɗauki abin da ya rage ba a bayyana ba, wato tamowar da ke dawowa kowace damana ko an yi albarka, ya danganta ta da ƙanƙantar gonaki a kudu mai cunkoso, da cututtukan yara, da tsadar magani a wancan lokaci. Kowane kashi yana tashi daga inda na gabansa ya gaza. A takardar gwaji a rubuta kan kowane kashi a matsayin cikakkiyar jimla mai iƙirari, domin kan da ya ce "kasuwa" kawai ba ya tilasta wa marubuci komai, amma wanda ya ce "kasuwa ce ta raba masu ci da marasa ci" ya ɗora masa bashin hujja.

Sakin layi ɗaya, magana ɗaya. Jimlar farko ta faɗi iƙirarin, hujja ta biyo, sannan bayanin yadda hujjar ta tabbatar da iƙirarin, wanda shi ne ɓangaren da ɗalibai suka fi tsallakewa, suna zaton hujja za ta yi wa kanta magana. Ga misali: "Talakan manomi a kudancin Maraɗi mai sayen hatsi ne fiye da yadda yake mai sayarwa. Gonarsa ba ta ciyar da gidansa shekara, kuma da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, yakan sayar da wani ɓangare don biyan bashi da hidimomin gida, sannan ya dawo kasuwa da damana lokacin da ya fi tsada. Wannan na nufin yawan hatsin da jihar ta noma ba ya gaya mana abin da ke cikin tukunyarsa. Farashin tiya ne ke gaya mana. Shi ya sa tashin farashin 2005 ya same shi kamar yadda ya sami ɗan birni, har ma fiye, tun da akuyar da zai sayar ita ma darajarta ta faɗi a daidai lokacin." Jimloli uku na ƙarshe su ne nazarin. In an cire su, abin da ya rage bayani ne da kowa zai iya kwafowa.

A yi hattara da "saboda haka", domin duk wanda ya rubuta ta ya yi da'awar cewa abu na biyu ya fito daga na farko. Shamuwa takan iso kafin ruwa ya sauka, amma ba ita ke kawo damana ba. A farkon 2005 an ɗora harajin saye da sayarwa, TVA, na kashi 19 cikin ɗari a kan wasu kayan masarufi, aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a manyan birane, kuma ɗalibi zai ji sha'awar ya ce wannan haraji ne ya kawo tamowa tun da ya riga ta zuwa. Kafin ya faɗi haka sai ya nuna hanyar da harajin ya bi har ya isa tukunyar ƙauye, in kuwa bai iya nunawa ba, ya ce abubuwan sun zo a shekara ɗaya ya tsaya nan.

Gabatarwa ita ake fara karantawa, amma a aikin gida ita ya kamata a rubuta a ƙarshe, bayan marubuci ya san inda ya sauka. Ta shiga batun kai tsaye da wani abu tabbatacce, ta fayyace manyan kalmomi, ta faɗi ƙullin, ta sanar da hanyar da za a bi. A bar buɗewa da "tun da aka halicci duniya ɗan Adam yake fama da yunwa", domin malamin da ke da takarda ɗari biyu a gabansa ya karanta wannan jimla sau hamsin kafin ya iso taka. Kammalawa kuwa gajera ce: ta amsa ƙullin a fili, ba ta kawo sabuwar hujja, ba ta kuma rikiɗewa ta zama kira ga gwamnati da masu hannu da shuni, sai in tambayar ta nemi shawarwari.

Game da harshe, galibinmu da Hausa muke tunani mu rubuta da Faransanci, kuma ko da yake kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardar jami'a har yanzu da harshen aiki ake rubuta ta. Wannan ba naƙasu ba ne in an san yadda za a yi da shi. Kafin ɗalibi ya fara rubutu, ya kama abokin ɗakinsa ya bayyana masa ƙullin da matsayar da Hausa cikin minti biyu. In ya kasa, matsalar ba ta Faransanci ba ce, tunanin ne bai nuna ba, kuma manyan kalmomi ba za su rufe wannan ba. In ya iya, sai ya rubuta da gajerun jimlolin da yake da iko a kansu, ba tare da juya Hausar kalma da kalma ba. Ko zai ce "ni" ko "mu" a rubutun, wannan ya tambayi malaminsa, domin kowa da abin da ya fi so.

Kwafar rubutun wani ba tare da ambatonsa ba sata ce, kuma ta fi sauƙin ganewa fiye da yadda ɗalibai ke zato, domin Faransancin da ke tuntuɓe a shafi na ɗaya ba ya zama na farfesa a shafi na biyu haka kawai. Manhajoji irin su ChatGPT suna iya taimakawa wajen gyaran nahawu ko fayyace kalma, amma sukan ƙirƙiro sunayen littattafai da alƙaluman da babu su, su faɗe su da cikakken ƙarfin hali. Duk abin da ɗalibi bai buɗe da idonsa ya gani ba, kada ya sa shi cikin manazartarsa.

A zauren jarrabawa, in an ba da awa uku, kusan awa guda ta tafi ga karanta tambaya da neman ƙulli da tsari, a rubuta gabatarwa a takardar gwaji, sauran kuwa a rubuta kai tsaye a takardar amsa, a bar minti goma sha biyar na dubawa. Ganin maƙwabci ya cika shafi biyu tun minti ashirin bai kamata ya tayar da hankali ba; sau da yawa "sai" yake jerawa. A aikin gida kuma a gama daftari kwana biyu kafin ranar miƙawa, a ajiye kwafi a kile USB ko a aika wa kai ta imel, tun da wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke, a bar rubutun ya kwana, sannan a yi masa gwaji guda: a karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, da murya. In jimlolin nan sun haɗu sun ba da hujjar daga ƙulli zuwa amsa, ginin ya tsaya. In an iya sauya wa sakin layi biyu wuri ba tare da komai ya lalace ba, to akwai inda zaren ya tsinke, kuma a nan za a koma a yi aiki. Sakin layin da bai taimaki matsayar ba a cire shi, ko da shi ne ya fi cin wahala wajen nema.

Idan takarda ta dawo, ɗalibi ya karanta jan bik ɗin da ke gefe kafin ya dubi makin da ke sama, sannan ya sami malami a lokacin da ya keɓe, ya gaishe shi, ya buɗe shafin ya nuna wuri guda ya ce: "Malam, a nan kun rubuta cewa hujjar ba ta isa ba, wace irin hujja ce da ta isa?" Tambaya irin wannan tana samun amsar da za a iya aiki da ita a maƙala ta gaba, saɓanin "Malam, me ya sa na samu 8?", wadda galibi amsarta ita ce a je a ƙara ƙoƙari.